Allurar Shinuwa a Gidan Wanzami

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa na zamanmu a Bangui sun zube mini. Wasu maƙwabtan ma sai in ga fuskarsu a raina, sunan ya ƙi zuwa. Amma akwai abu guda da ko daga barci aka tashe ni zan zayyana shi tiryan-tiryan, na kuma san ba zai bar ni ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Shi ne abin da ya faru a gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a shekarar da sojoji suka yi ta bore, lokacin da mahaifina ya juya fuska bango ya daina cin abinci, muna ji muna gani yana tafiya.

Baba wanzami ne, ɗan gado ba ɗan haye ba. Tun yana saurayi ya biyo fataken shanu daga ƙasar Hausa da zabirarsa a kafaɗa, wato jakar fatar nan da wanzamai ke zuba asake da ƙahoni. Ya sauka a bayan titin Koudoukou da niyyar ya yi shekara ya koma, sai ga shi ya yi aure ya haife mu. Daga unguwarmu har Kokoro da Yakité, da wuya ka sami gidan Musulmi da askarsa ba ta shiga ba. Shi ke askin jarirai ranar suna, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke gyara wa dattawa fuska ranar Juma'a, in jiki ya yi wa mutum nauyi shi ke kafa masa ƙaho. Ga shi da surutu, Allah ya jiƙansa. Wasu ma gashin bai isa aski ba suke zuwa gindin mangwaron ƙofar gidanmu, don dai su sha labari. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ina da keken ɗinki a bakin kasuwa, ina kuma da baki, wanda Inna ke cewa wajensa na gado.

Bayan boren farko ya lafa an fara buɗe shaguna, wata safiya yana cikin gyara wa wani dattijo gemu sai askar ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ya yi 'yan makonni aka sallamo shi da ƙwayoyi. Yana jan ƙafar da sanda, maganar ta yi nauyi amma ana ganewa, bakin ya ɗan karkace. Hannun dama ne dai ya tafi, yana reto kamar ba nasa ba. Likita ya ce ya yi arziki, mu ma muka yi hamdala, Inna ta soya wainar sadaka. Mun ɗauka mai wuyar ta wuce.

Abin da ya biyo baya ba mu da sunansa a lokacin. Yanzu ne nake jin ana cewa ciwon damuwa, har ana bayaninsa a rediyo. Mu dai abin da muka gani shi ne, mutumin da ba ya iya yin shiru ya yi shiru. Rediyonsa da ba ya rabo da ita ya ce a fitar masa da ita. Ya wuni kwance yana kallon bango, ba barci ba ido biyu. Wani lokaci in na shiga da kunu sai in tarar hawaye na gangarowa har cikin kunnensa, in na tambaya ko wani wuri ke ciwo ya ce babu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi saukar Alƙur'ani. Baffana, ƙanen Baba ciki ɗaya, kullum sai ya zo. Shi tun yana yaro ya tsere wa wanzanci ya kama sayar da atamfa, ya yi kuɗi ya yi tumbi ya je Makka. Sai ya zauna bakin gado ya ce, "Haba Yaya, ina tawakkalinka? Wasu fa sai an kwantar an tayar, kai ga ka da ƙafarka." Baba sai ya rufe ido kawai. Yau da na girma na gane maganar nan ƙara masa kaya take yi, don bayan ciwon sai ya riƙa jin kamar imaninsa ma ya samu matsala.

Kowa kuma ya shiga yi masa kara. Inna ta ɗauke zabirar ta ɗora can saman kabad, wai kada ya gani ransa ya ɓaci. Baffa ya ce a riƙa sallamar masu zuwa dubiya daga ƙofa, a ce yana hutawa, don bai kamata a ga babban mutum yawu na zubo masa ba. Masu aski suka koma wajen wani saurayin wanzami da ya zo daga Nijar, in za su wuce gidanmu har sauya hanya suke yi kada Baba ya hango sabon aski a kansu. Duk wannan ƙauna ce, ban taɓa shakka ba.

Sai matar maƙwabcinmu ta haihu. Gidan nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun daga kan uban jaririn har ƙannensa Baba ne ya yi musu askin suna. Aka yi shawara a ɓoye, aka ce a yi abin shiru-shiru, ba maroƙi ba hayaniya, a kira saurayin nan ya yi askin da sassafe kafin Baba ya farka. Sun manta mutumin ba ya barci. Ina shiga ɗakinsa da ruwan alwala na tarar ya ɗaga kai yana saurare. Ta bayan katanga jariri na tsala kuka.

"Uwata," ya ce, "wa ke aski a gidan nan?"

Na ce, "Baba, ƙila wanka ake masa."

"Ni za ki gaya wa kukan wanka?" Ya ƙara kasa kunne. "Bai jiƙa kan sosai ba. Hannunsa kuma da nauyi." Sannan ya ce, "Ko su ce in zo in zauna."

Ya koma ya kwanta. Daga ranar abinci ya tsaya. Sai ruwa, sai cokali biyu na kunu in Inna ta yi ta roƙo har da kuka. Cikin ɗan lokaci ƙasusuwan wuyansa suka fito, zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa.

Ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Na sami Baffa a shagonsa, gaban yaransa na ce, "Baffa, wa ya ce kada a gaya masa sunan nan?"

"Ni na ce. So kike a kai shi gaban jama'a ya zauna yana kallon wani riƙe da aska?"

"To ga shi kun rufa masa asiri, shi kuma ya rufe bakinsa. In ya mutu sai ku yi ta kara da gawa."

Ya ce in fita masa daga shago, mara kunya kawai. Na fita, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Da daɗewa bayan haka ya gaya mini ranar bai iya cin abinci ba shi ma.

Wata Kirista da nake yi wa ɗinki ce ta ga na ɗinka mata hannun riga a juye, abin da ban taɓa yi ba, ta tambaye ni lafiya. Da na gaya mata, sai ta ce tana da wani kawu can kudancin gari wajen bakin kogi. Ya daɗe yana aikin jinya a asibitin da likitocin Shinuwa suka zauna, haka muke kiran mutanen ƙasar Sin, kuma sun koya masa maganinsu na tsira allurai a jiki. Da suka tattara suka koma ƙasarsu, shi ya rage da gwangwanin allurarsa, masu irin ciwon Baba suna nemansa. Na kawo maganar gida. Baffa ya ce ina aka taɓa jin allura ba ruwan magani a ciki, wannan ai wasa da hankali ne. Inna, wadda ba ta cika sa baki in maza na magana ba, ta ce, "Alhaji, ko garwashi ne a kawo, in dai zai buɗe baki ya ci tuwo."

Mai allurar ya zo wata ranar Talata da hantsi, a ƙafa daga inda tasi ta ajiye shi. Dogo ne siriri, furfura ta cinye kansa, ya sa tsohuwar farar rigar asibiti wadda ta sha wanki. Bai nemi shiga ba sai da ya zaunar da ni gindin mangwaro ya yi mini tambayoyi da Sango, yaren garin. Yana barci? Yana kuka? Me yake so da, wanda yanzu ba ya so? Ya taɓa cewa gara ya mutu? Ba wanda ya taɓa yi mana irin waɗannan tambayoyin, kowa hannun yake tambaya. Da na gama ya ce, "'Yata, hannun ba zan yi miki alkawari ba. Amma ciwon nan in ya bugi jiki, sau da yawa yakan zarce ya danne zuciya. Cuta ce kamar kowace cuta, ba taurin kai ba ne, ba kuma Allahnsa ya manta ba. Na ga waɗanda allura ta sassauta musu, na ga waɗanda ba ta yi musu komai ba. Ƙwayar hawan jininsa kuwa kada a kuskura a daina." Wallahi jin cewa abin cuta ce mai suna, shi kaɗai ya sauke mini wani nauyi.

Muka shiga. Na ce, "Baba, ga mai magani ya zo."

Ko juyowa bai yi ba. "An gode. Ya koma."

Mai allura ya roƙi Inna ta kawo masa kurfotin gawayi da 'yar tukunya, ya zauna nan bakin ƙofa ya juye alluransa a ruwa yana tafasa su. Ƙarar ƙarfe a tukunya ce ta yi aikin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana wasa aska ba zai ji ƙarfe na motsi a ɗakinsa ya ƙi dubawa ba. A hankali ya juyo, ya ƙura wa abin ido. Sirara ne ƙwarai, sun fi allurar ɗinkina siranta nesa ba kusa ba.

"Da wannan zai yi mini me?" ya ce da ni da Hausa. "Ɗinki?"

"A jiki ake sawa, Baba."

"Jikin wa? Ni da na yi wa rabin garin nan ƙaho?"

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Dama an ce wanzami ba ya son jarfa."

Mai allura ya tambayi abin da ta ce, na fassara masa. Ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce ashe gidan abokin sana'a ya shigo ba a gaya masa ba. Ya matso da kujerarsa. Baba yana jin Sango irin na kasuwa, don haka kai tsaye ya yi masa magana. Ya ce, "Kota zo," wato babban mutum, "in wani ya zo maka kansa ya yi nauyi, barci ya ƙi, ina kake kafa ƙahon?"

Sai na ga hannun hagun Baba ya ɗago, ya kai ƙeyarsa, ya danna 'yan ramukan nan biyu da ke gindin kai.

"Nan nake sa tawa," in ji mai allura. "In kafaɗa ce ta riƙe fa?"

Baba ya nuna. Mai allura ya ce shi yakan ɗan sauko ƙasa kaɗan. Baba ya ce to kuskure yake yi. Ya tambaye shi jini nawa yake fitarwa, mai allura ya ce ko ɗigo.

"To aikin banza," in ji Baba. "Mataccen jini yana ciki, ina lafiya za ta shiga?"

"Ni ba na fitar da komai. Hanya nake buɗewa."

"Hanyar ina? Ta garin Bimbo?"

"Ka gwada. In aikin banza ne, kai ka fi kowa bakin da za ka gaya wa duniya."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Sa, in ga ƙaryarka."

Rabon da in ji ya jera magana haka tun kafin ya faɗi. Na fita tsakar gida na sa mayafi a baki don kada a ji ni. Da na dawo na tarar an tsira masa ɗaya a tsakar ka, ɗaya tsakanin gira, wasu a wuyan hannu da ƙasan gwiwa, yana kwance kamar bushiya. Mai allura na murza su da yatsa yana cewa "yeke yeke", sannu-sannu ke nan, Baba kuma na gaya masa riƙonsa ba laifi amma bai iya zama ba, mai aiki ba ya ba ƙofa baya ya tare wa kansa haske. Ranar da azahar muka ji minshari daga ɗakin.

Daga nan yakan zo duk bayan 'yan kwanaki. Baba ya raɗa masa suna Shinuwa. Ranar zuwansa tun da safe zai ce a sauya masa riga. In an tsira allurar dole a jira ta ɗan jima a jiki, a wannan zaman ne suke tafka musu, wannan ya ce jini, wancan ya ce hanya. Barci ya dawo, kukan ya ragu, kunun ya kai rabin kofi. Amma in na ce ya warke na yi ƙarya. Tuwo dai ya ƙi, ƙofar ɗaki ya ƙi, ranar da Shinuwa bai zo ba kuma bango ne abokinsa. Wata rana ina gyara masa matashi ya ce, "Uwata, bawan Allahn nan ɓata allurarsa yake yi. Ko na ci na ƙoshi, in tashi in yi me?"

Ana cikin haka bore na uku ya tashi, wanda ya fi sauran tsawo da muni. Allura na jikin Baba muka fara jin harbi daga kudu, ba irin na jefi-jefi da muka saba ba. Kafin la'asar kasuwa ta watse, titin Koudoukou ya zama wayam, gari ya rabu biyu. Unguwar mai allura ta faɗa ɓangaren 'yan bore, tsakaninmu da ita shingaye ne na sojoji da na samarin da suka naɗa kansu masu tsaro. Abin ya koma tambayar kai ɗan wace ƙabila ne, shi kuma mutumin bakin kogi ne, sunansa kaɗai ya isa ya jawo masa bala'i a shingen wannan ɓangaren. Ya ɗauki gwangwaninsa zai fita, Baffa ya tare ƙofa. A nan kam na sara wa Baffa. Ya ce ba inda za shi, ya aika aka kawo masa kaftani da hula daga gidansa, ya ce in wani ya leƙo a ce baƙonmu ne daga arewa, ba ya jin magana. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Baba.

Kwanakin farko ya daure. Yana yi wa Baba allura, yana taya Inna gyaran kurfoti, yana tambayar duk wanda ya shigo labarin kudu. Matarsa da 'ya'yansa mata suna can, ba waya ba aike. Labaran da ke zuwa kuma ba mai daɗi, yau a ce an ƙone gidaje, gobe a ce mutane sun tsallaka kogi a kwalekwale. Sannu a hankali sai ga mai magani ya koma abin da ya zo warkarwa. Ya daina musu. In an kai masa abinci ya ce singila, wato na gode, ya ture gefe. Wuyansa ya sanƙare, in zai dube ka sai ya juyo da jiki duka, ya wuni dafe da kai. Na ce ya yi wa kansa allura mana, ya yi murmushin yaƙe ya ce hannu ba ya ganin ƙeya. Ɗaki ɗaya, tsofaffi biyu, kowa ya yi shiru. Sai dai na lura Baba ya daina kallon bango, shi yake kallo.

Wata safiya harbi ya ɗan lafa, Baffa ya samu ya lallaɓo ta lungu. Muna tsakar gida muka ji muryar Baba, da ƙarfin da muka manta yana da shi.

"Uwata! Ina zabirata?"

Ni da Inna muka dubi juna. Ta leƙa ta ce, "Malam, me za ka yi da ita?"

"Ke na tambaya?"

Na taka turmi na sauko da ita, ta yi ƙura futu-futu. Ya sa na zaunar da shi bakin gado, ya kama igiyar da haƙori ya kwance da hannun hagu. Ya zaro ƙahoni biyu ya busa, ya ce in kawo ruwan ɗumi. Sannan ya ce da mai allura, "Shinuwa, cire rigar nan ka ba ni baya." Mutumin ya fara cewa ba komai, zai wuce. Baba ya ce, "Na bar ka ka huda ni ko ban bar ka ba?" Ya cire.

Sai ga matsala. Ƙaho ana kafa shi ne a zuƙe iskar da baki ta 'yar ƙofar da ke tsininsa, a toshe da jijiyar da aka tauna. Bakin Baba ya karkace, ba zai riƙe iska ba. Ya gwada, iskar ta zurare ta gefe. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai wurgar ya koma bango. Ya daɗe yana kallon ƙahon. Can ya ɗaga kai.

"Kai Auta, tuɓe babbar rigar nan ka durƙusa."

Baffa, Alhaji guda mai shago da yara, ya waiga ko da wani ake. "Yaya, ni rabona da ƙaho tun kafin in yi gemu."

"Bakinka dai bai shanye ba, kullum a kaina yake. Durƙusa."

Ya durƙusa, tumbi na tokare shi. Baba ya jiƙa ƙeyar mai allura, ya lalubi wurin da yatsun hagu, ya lalubo ya sake lalubowa, ya ɗora ƙahon ya riƙe. "Ja." Baffa ya ja, ya kasa toshewa, ƙaho ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado. "Ragon banza! Da harshe ake turawa, ba a sakin numfashi. Abin da ya sa tsohonmu ya ce kai sai talla ke nan." Baffa na gumi yana cewa to Yaya, to Yaya, kamar ɗan koyo. Sai da suka sha fama kafin na farko ya kama, fata ta taso a ciki. Na biyu bai ba su wahala ba.

Mai allura, kansa a sunkuye, ya ce, "Ba za ka tsaga ba?"

"Aska ba ta hannun hagu ba ce. Yau iska kawai za mu ja."

"Ba jini ke nan? To ai aikin banza ne."

Baba ya yi dariya. Karkatacciya ce, rabin fuska kawai, har da yawu, kuma bai damu ya goge ba. Mai allura ma ya fara dariya, sai dariyar ta juye masa, kafaɗunsa suka kama rawa, ya fashe da kuka yana kiran sunayen 'ya'yansa. Ba wanda ya ce masa ya yi tawakkali. Baba ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya shiga yi masa hira irin wadda yake yi wa masu aski, labarin wata shekara da ruwa ya raba su da ayarinsu a hanyar shanu, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya halaka, ashe kowa na can gaɓarsa yana kukan ɗaya. Yana yi yana kuskuren Sango, yana cikewa da Hausa, har mutumin ya natsu.

Da aka cire ƙahonin ya juya wuya dama da hagu, ya ce da sauƙi. Baba ya ce, "Saura ka'ida. Wanda aka yi wa ƙaho ba ya zama da yunwa. Uwata, me aka dafa?"

Na ce gozo ne, tuwon rogonmu na can, da miyar ganyen rogo, don abin da ya rage a gidan ke nan.

"Zubo a kwano ɗaya."

Na kawo. Mai allura ya ce shi fa ba zai iya ba. Baba ya ce, "A hannuna kake yanzu. In ka ga na sa hannu, ka sa." Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa yarda ya kai hannun hagu cikin kwano ba, yana ganin abin kunya ne ga dattijo kamarsa, a ba shi a baki kuma ya fi masa ciwo. Ranar ya dubi hannun, ya ce, "Allah ya ga uzurina," ya yi bismilla ya yanko loma. Ta farko ta faɗi a cinyarsa. Ya sake yankowa. Inna ta juya ta shige madafa, ina jin ta tana face hanci. Ni kuwa na tsaya riƙe da butar wanke hannu, ina kallon tsofaffin nan biyu kowa na ci don ɗan'uwansa ya ci, har suka ga bayan kwanon.

Da aka yi sulhu hanya ta buɗe, Baffa da kansa ya raka mai allura har unguwarsu. Gidan an fasa an kwashe, amma iyalinsa suna da rai, sun fake wajen dangi a wani ƙauye. Ya ci gaba da zuwa yana yi wa Baba allura na wani lokaci, daga baya zuwan ya koma na zumunci. Hannun dama bai dawo ba har Baba ya koma ga Allah, shekaru bayan haka. Ranakun duhu ma ba su ɗauke gaba ɗaya ba, wani lokaci sukan dawo su yi kwana biyu. Amma ya koma gindin mangwaro, kuma ba a sake yin suna a unguwar ba a zo an tafi da shi ba. Saurayin wanzamin nan yana aski, Baba na gefensa da sanda yana cewa jiƙa, sassauta, juya kan.

Mutane kan tambaye ni ko allurar Shinuwa tana maganin irin wannan ciwon. Ni ba likita ba ce, ɗinki na iya. Na ga ta kawo masa barci, na ga ta rage masa kuka, ba kuma zan raina ta ba. Ban kuma san nawa ne aikin allurar, nawa ne na mutumin da ke riƙe da ita ya zauna ana musu da shi ba. Wanda duk nasa ya shiga wannan hali bayan shanyewar jiki, ina ce masa ya nemi masu ilimin abin, kada ya tsaya cewa ai raunin imani ne.

Abin da na sani tabbas shi ne wanda na gani da idona. Mun ɗauke wa Baba komai don muna ƙaunarsa, aiki da baƙi da shawara, har da ɓacin rai, saura kaɗan mu ɗauke masa rai. Tun daga lokacin, in na je dubiya, bayan sannu da addu'a sai na nemi wani abu a wajen mara lafiyar, ko shawara ce, ko ya riƙe mini jariri, ko ya gaya mini inda na yi kuskure. Mutum yana iya zama da mataccen hannu shekara da shekaru. Abin da ke kashe shi tun kafin ajalinsa shi ne gari ya waye, ya duba, ba mai jiran komai daga gare shi.